Makin da muka ba finafinan tsoro, da waɗanda muka ba sifili



Tun daren Asabar da muka taɓo zancen finafinan ban tsoro a shirinmu, waya ba ta huta ba. Wani ya kira ya ce fim ɗin Turawa ya fi razanarwa, wani ya ce ina, ai na Indiya ne, wata baiwar Allah kuma ta ce mu bar wannan zance gaba ɗaya don yaranta ba su barci. Minti talatin ba su ishe mu ba, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta. Maki bisa 20 za mu bayar, kamar yadda mushe yake yi mana a kolej: wanda ya samu 10 ya tsira da mwayen, wanda ya kasa sai ya maimaita aji. Ra'ayinmu ne, ba aya ba ce.

Mu da muka haura shekara talatin, a bidiyo kulob muka koyi tsoro. Zana ce aka kewaye, ga benci, ga tele bisa tebur, gurup na ta ruri a baya, dala biyar kuɗin shiga. Idan dodo ya fito sai ka ji an yi ihu baki ɗaya, daga baya a bushe da dariya, a yi ta tsokanar wanda ya rufe ido. Wahalar tana wajen komawa gida: in hanyarka ta bi ta gindin tsamiya, sai ka nemi ɗan rakiya. Yau kuwa yaro ɗan shekara goma ya kai kart memwar wajen mai tura finafinai, a cika masa da dala ashirin, ya shige gidan sauro shi kaɗai da salular yayansa. Babu mai dariya kusa da shi, babu mai ce masa ai jan fenti ne ba jini ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Evil Dead, 1981: 11 bisa 20. Fim ne na Amurka da Sam Raimi ya shirya. Ɗalibai biyar sun je hutu wata bukka cikin daji, suka tarar da wani tsohon littafi da wata kaset, suka kunna, sai aljanu suka dinga shigarsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka fara ganinsa, wallahi ko tuwo ba mu ci ba. Amma da muka sake kallonsa bana, dariya ta fi yawa. Jini ne kawai da ihu, kuma tsoron jini ba ya daɗewa. Ya tsira da ƙyar, don girman tsufa.

Nagin, 1976: 14 bisa 20. Na Indiya ne, Reena Roy ce ta fito a macijiya mai rikiɗa ta zama mace. An harbe mijinta, sai ta bi abokan nan shida tana ɗaukar fansa da ɗai-ɗai. Wannan ya kama mu ne don mun san maciji, mun san shi a gona lokacin damina, kuma mun taso da labarin macijin da ba a kashewa. Mun rage masa maki saboda tsawo, da kuma waƙa da ke faɗowa daidai lokacin da zuciyarka ta fara bugawa. Haka ma wasu masu fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ke yi: wurin da ya kamata a yi tsit, sai su jefa barkwanci, tsoro ya watse.

Living in Bondage, 1992: 15 bisa 20. Da harshen Ibo aka yi shi a Najeriya, kuma da shi ake ƙirga mafarin kasuwar finafinan bidiyo ta kudancin ƙasar. Andy, wani magidanci da ya ƙosa ya yi kuɗi, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit, ya samu dukiya, sai fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. Hoton ba shi da kyau, sauti ma haka, amma labarin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya fi burge mu shi ne inda aka ajiye mugun: yana cikin kwat, yana cikin mota mai sanyi, kuma kwaɗayinsa ne ya kai shi.

L'Exorciste, 1973: 16 bisa 20. Da wannan suna na Faransanci muka san shi, William Friedkin ne ya shirya shi a Amurka. Yarinya ce 'yar shekara 12 da wani abu ya shige ta. Ba na yara ba ne ko kaɗan, manya ma ba kowa ba. Amma ku lura da abin da uwar ta yi: likita ta fara zuwa, aka yi gwaji iri-iri, aka ɗauki hoton kai, sai da likitoci suka ce iyakarsu ke nan sannan ta nemi malaman addininsu. Daga farkon fim har ƙarshe ba a nuna wata maƙwabciya da yatsa an ce ita ta kama yarinyar ba.

Toula, na Moustapha Alassane: 17 bisa 20. Wannan namu ne na Nijar, ya fito a zamanin babban farin 1973 zuwa 1974, an ɗauko shi daga wani labarin gargajiya da Boubou Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙafe, dabbobi na mutuwa, sai boka ya ce aljanin ruwa ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa, kuma zaɓi ya faɗa kan Toula, 'yar gidan sarauta. Saurayinta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, amma kafin ya dawo an gama. Muna lise a Damagaram muka gan shi. Babu jini, babu ihu, amma mun fita jikinmu a sanyaye, don duk wanda ya taɓa tsayawa a gona yana duban gabas hadari ya ƙi haɗuwa ya san abin da zai iya sa gari guda ya yarda da maganar boka. Abin takaici, ka zagaye masu tura finafinai na Kasuwar Dole, da wuya ka samu mai shi.

Akwai guda biyu da ba a lissafa su cikin finafinan tsoro, amma sun fi hana mu barci. Na farko Sarraounia, 1986, na Med Hondo ɗan Muritaniya, daga littafin Abdoulaye Mamani: 18 bisa 20. Shi ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin ayarin sojan Faransa ne na Voulet da Chanoine da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, da sarauniyar Lugu da ta tsaya musu. Sojojinsu ne suka kashe su a yankin Tasawa, amma sauran ayarin ya ci gaba, aka gwabza da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga nan kusa da mu a Tirmini, a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara. Kana kallo kana tuna cewa kakannin kakanninmu ne a gaban bindigar. Na biyu shi ne Zinder, 2021, na Aïcha Macky 'yar Damagaram: 17 bisa 20. Ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar samarin fale ce na unguwar Kara-Kara, masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu fasa-ƙwaurin esansi. Ta zauna da su ta saurare su, ba ta mai da su dodanni ba, shi ya sa abin ke shiga jiki.

To, yanzu ga waɗanda muka ba sifili. Ba za mu kama suna ba, don suna da yawa kuma duk uwarsu ɗaya. Su ne finafinan mayu da ke cika kart memwar, wasu da Hausa aka yi su, wasu fassara ce. Kun san tsarin: yaro na wasa lafiya lau, sai ga wata tsohuwa ta wuce da sanda, kamara ta matso kan idonta, aka saka kiɗa mai ban tsoro. Dare na yi yaro ya kama zazzaɓi yana sambatu, ya kira sunanta. Gari ya taru, a jawo ta, a ce ta tsallake shi. A ƙarshe ta amsa laifi ko ta mutu mutuwar wulaƙanci, a rubuto cewa Allah ya tona asirin mugu. A cikin irin waɗannan finafinai mayya kullum tsohuwa ce, kullum matalauciya, kullum wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Ba mu taɓa ganin an ce hajiya mai gidan bene ce ba.

Za a ce mana ai fim ne kawai. To bari mu ba ku abin da muka gani da idonmu. A unguwar da muka taso akwai wata iya mai ƙosai, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure nesa. Duk yaran unguwa a gaban kaskonta muke karyawa kafin lakwal. Wata shekara aka yi ta haska wani fim na mayu a bidiyo kulob kusan sati guda, kuma tsohuwar fim ɗin na da jan ido irin na wanda ya daɗe a bakin murhu. Cikinmu wani ya ce, kai, ba ku ga ta yi kama da iya ba? Wasa ne, mun yi dariya. Kafin wata ya ƙare yara sun daina sayen ƙosanta, in ta miƙo gyara sai a ruga. Magana ta shiga cikin gidaje, wasu manya ma suka fara cewa a dai yi hankali. Ba a doke ta ba, ba a kore ta ba, amma kasko ya mutu, ta tattara ta koma ƙauyensu. Muna cikin waɗanda suka yi dariyar nan, kuma har yau in mun tuna sai mu ji kunya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Zazzaɓi mai zafi da sambatu da sanƙarewa da juyewar ido, waɗanda fim ke nunawa a matsayin kamun maye, su ne alamomin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke kama yaranmu kowace damina daga Agusta zuwa Oktoba. Irin wannan ciwo ba ya jira, awa nawa kaɗan sun isa ya yi ɓarna. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Uwar da ta kalli fim goma duk suna gaya mata cewa wannan alama ta maye ce, me kuke zato za ta fara yi da tsakar dare? Za ta ɗauki yaro zuwa likita, ko za ta tsaya tambayar wa ya ba shi abinci da rana?

Wasu za su ce, yanzu ku 'yan lakwal kuna musun akwai sihiri da aljanu? Ba mu musa ba, kuma ba wannan muhawara muka zo yi ba, malamai na nan. Abin da muka sani shi ne malaman nan dai su ne suke karantar da mu girman zunubin ƙazafi da mummunan zato. Fim ɗin da ya koya wa yaro ya dubi fuskar tsohuwa ya yanke mata hukunci, ko da an rufe shi da wa'azi, ƙazafi ya koyar. Wasu kuma za su ce ai kasuwa ce, abin da jama'a ke so ake ba su. Living in Bondage ma kasuwa ya ci, ya ci sosai, kuma bai taka marar galihu ba.

Ba mu ce a hana fim ɗin tsoro ba, mu ma masoyansa ne. Kano na da hukumar tace finafinai tun 2001, amma hannunta ba ya kai wa kart memwar da ke aljihun yaro a Droum. Abin da ke hannunmu ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Masu tura finafinai, ku 'yan uwanmu ne, in yaro ya zo ku dubi shekarunsa kafin ku cika masa. Iyaye da yayye, in za a kalla a kalla tare, a tsakar gida, yadda in an tsorata za a yi dariya, kuma wani babba ya ce wannan ƙarya ce, wannan kuma ciwo ne da ake kai wa likita. Kakanninmu ma sun ba mu tsoro da Dodo a tatsuniya, amma suna zaune tare da mu, kuma in an ce ƙurunƙus kowa ya san an rufe zance. Samarin fada masu ɗaukar gajerun wasanni da salula, in kuna son ku gwada na tsoro, ga rijiya da dare, ga hanyar daji, ga shekarar da hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin shuka. Ku bar tsofaffinmu su sayar da ƙosansu.

Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar isha'i, in Allah ya kai mu, za mu buɗe layi. Kowa ya zo da fim ɗinsa da makinsa bisa 20, da dalili. Wanda ya ga mun zalunci Evil Dead, muna jiran kiransa. Wanda kuma yake da Toula a ajiye, don Allah ya taimaka mana da shi mu haska wa yara a filin lakwal.