Ritayar alƙalai: gyaran 2023 bai leƙa ƙananan kotuna ba

Tun ranar 8 ga Yunin 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran sashe na 291 na tsarin mulki, alƙalan manyan kotunan jihohi da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da damar zama a kujera har shekara 70, maimakon 65. A da, gatan na Kotun Ƙoli ne da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Da shi Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo, wanda ya shiga Kotun Ƙoli a 1998, ya kai 2007 kafin ya sauka. A 2024 kuma aka ninka albashin waɗannan manyan alƙalai.

Ba mu ƙyashin ko ɗaya. Damuwarmu alƙalin da manomin Masama ya sani, wanda ake kai wa rikicin iyakar gona, da rabon gado, da khul'i, da bashin da ba a rubuta ba. Shi a idon doka ma'aikacin jiha ne: in ya cika shekara 60, ko 35 a bakin aiki, sai ya miƙa hatimi, ya shiga layin jiran garatuti.

Alhali nauyin a kansa yake. Tun da Kebbi da maƙwabtanta suka faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000, har shari'ar haddi daga teburinsa take farawa. Ba mu manta da hukuncin da kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini a 2001 ba, wanda kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta soke a Maris ɗin 2002. Irin wannan aiki na buƙatar wanda ya daɗe da Mukhtasar da Tuhfa a hannu, kuma daidai lokacin da ya nuna ake sallamarsa.

Malaman Malikiyya sun yi bayanin a wadata alƙali daga baitulmali don kada idonsa ya faɗa hannun masu ƙara, kuma a ƙasar Shehu Abdullahin Gwandu, mai Diya'ul Hukkam, wannan ba baƙon karatu ba ne. Wanda ke ganin magabatansa na yawon neman fansho, me zai raya a shekararsa ta ƙarshe?

Gyaran nan ba sai an je Abuja ba. Majalisar dokoki a Birnin Kebbi na da ikon yi wa ƙananan alƙalai dokar shekarun ritaya da ta fansho, dabam da ta sauran ma'aikata.