Ra'ayi: Yaran riƙo a Dumega na buƙatar masanin da zai bi su har gida

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri da Dumega, ba kasafai maraya ke kwana a waje ba. In uba ya rasu, baffa ko kawu ya ɗauka. In uwa ce ta tafi, gwaggo ko kaka ta goya. Wannan riƙo ya daɗe yana rufa wa jama'a asiri tun kafin a buɗe ofishin kare yara ko ɗaya a Nijar. Sai dai yanzu ana ɗora masa kayan da bai saba ɗauka ba.

Matsalar tsaro ta iso yankin. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji 6 masu gadin bututun man fetur a yankin Tibiri. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma, a ƙetaren iyaka, ƴan Lakurawa sun kashe mutum 15 a garin Mera na jihar Kebbi. Ana ƙidaya gawawwaki a yi jana'iza, amma ba a ƙidaya yaran da suka ji harbi, suka kwana a daji, ko suka rasa mai ciyar da su. Irin waɗannan yara a gidan dangi suke ƙarewa.

Yaron da ya ga abin firgici ba ya iya bayyana shi da baki, jikinsa ne ke faɗa. Mai shekara 10 ya koma fitsarin kwance. Ya farka tsakar dare yana ihu. Ƙarar babur ta sa shi shigewa ƙarƙashin rumbu. Wani ya yi shiru kamar an ɗinke masa baki, wani ya zama mafaɗaci, wani ya riƙa ɓoye abinci ko da ya ƙoshi. A gidaje da yawa fassara biyu ake yi wa wannan: ko taurin kai, a ɗauko bulala, ko iska, a nufi wurin malam ko masu bori. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a miƙa yaron wani gida, ko a tura shi almajiranci, yarinya kuma a kai ta aikatau birni ko a gaggauta aurar da ita. Kowane sauyin hannu yana tabbatar wa yaron abin da yake tsoro, wato babu wanda zai zauna da shi.

A nan aikin masanin halayyar ɗan Adam yake. Mutane da yawa na ɗaukarsa likitan mahaukata, da an ambace shi sai tunaninsu ya tafi Pavillon E na babban asibitin Yamai. Alhali wannan masani ba ƙwaya yake rubutawa ba. Yana zama da yaro a kan tabarma, ya ba shi takarda da alƙalami ya yi zane, su yi wasa, su yi tatsuniya, har yaron ya saki jiki. Ba ya matsa masa sai ya ba da labarin abin da ya gani, domin tilasta wa yaro maimaita wannan labari kan fama ciwon.

Rabin aikin ma da mariƙiya ake yinsa. Masanin na ganin yaro awa ɗaya, ita kuwa tana tare da shi dare da rana. Ita za a fahimtar cewa fitsarin kwancen ba raini ba ne, duka kuma ƙara shi yake yi. A nuna mata amfanin tsayayyen lokacin ci da na barci, da sanar da yaro in za ta yi tafiya da ranar da za ta dawo, da barin sa kusa da ƙaninsa maimakon a rarraba su gida-gida. Abubuwa ne da ba sa cin ko dala, amma sai an sami wanda ya sani ya faɗa.

Akwai masu ganin mafita ita ce a gina gidan marayu. Niyyar mai kyau ce, kuma gini abu ne da ake iya nuna wa wanda ya ba da kuɗi a hoto. Amma bincike bai goyi bayan haka ba. A birnin Bukares na Romaniya, daga farkon shekarun 2000, masana sun bi rayuwar yara 136 na gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi sauran ci gaba a magana da basira da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da yaran da suka rabu da iyayensu, inda ta ce ƙananan yara, musamman ƴan ƙasa da shekara 3, a cikin iyali ya kamata a rene su. Hatta ƙungiyar SOS, mai ƙauyukan yara a Yamai da Tawa da Dosso, ta tsara su ne gida-gida, kowane da uwa guda, saboda sanin cewa yaro na buƙatar mutum ɗaya da zai kira nasa.

Wannan ba wanke riƙo ba ne. Kowa ya san gidan da ɗan riƙo ne ke ɗebo ruwa da kiwo yayin da ƴaƴan gida ke lakwal, ya san yarinyar da aka ɗora wa talla tun asuba. Akwai ma waɗanda ake ci wa zarafi a gidan da aka kai su don a kare su. Dalilin ke nan da ya sa ake buƙatar ido daga waje. Nijar na da dokar 2014 kan kotunan yara, tana da kwamitocin kare yara da aka kafa da ƙudurin gwamnati a 2019 har zuwa matakin ƙauye. Kwamiti na iya gane yaron da ba shi da riga. Gane yaron da ke fama da firgici kuwa sai an horar da mutum.

Hanyar yin hakan ba sabuwa ba ce. A jihar Borno ta Najeriya, Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam kuma shugabar gidauniyar Neem, ta ɗauki masu ba da shawara tana kai su garuruwan da rikicin Boko Haram ya shafa, ba ta jira mutane su zo asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2008 take da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano irin waɗannan matsaloli. Jami'ar Abdou Moumouni kuma na yaye ɗaliban wannan fanni, sai dai galibin masu aikin suna Yamai ko cikin ayyukan ƙungiyoyin agaji a Diffa da Tilaberi.

Abin da ya dace shi ne hukumomin jihar Dosso su tura irin waɗannan matasa yin bautar ƙasa a cibiyoyin lafiya na Tibiri da Dogon Dutsi, su riƙa zagayawa Dumega da Geceme da Kore Mairuwa. Su yi aiki tare da limamai da malaman lakwal da ungozomomi, har da masu maganin gargajiya, tunda wurinsu iyali ke fara zuwa, kuma su ne za su iya cewa a gwada kai yaron wurin masani.

Ƴan Arewa mazauna Yamai da Kwatano da Legas da Turai su ma da nasu rabon. Duk sallah suna aiko da kuɗin shinkafa da atamfa ga marayu, kuma Allah ya saka. Amma ƙungiyar ƴan gari ɗaya na iya ware wani kaso ta ɗauki nauyin man babur da alawus na masani guda da zai riƙa ziyartar gidajen riƙo sau ɗaya a wata. Wanda ke tura kuɗi ga gwaggon da ke riƙe da ɗan ɗan'uwansa kuma, in ya buga waya ya tambayi ko hatsi ya isa, ya ƙara da tambayar yadda yaron ke barci.