Kafin Ki Sake Sayen Man Gashi

Ƴar'uwa, in gashin gaban goshinki ya zube, ko kuwa kin yi shekaru kina kitso amma gashin ya ƙi wuce inda yake, wannan ɗan littafi naki ne.

Ranar kasuwa kina ganin kwalabe jere a kan tabarma, da hoton mace mai gashi har gadon baya. Mai sayarwa zai rantse miki cewa cikin sati biyu za ki ga aiki. Mu a nan asibiti za mu faɗa miki ba ɓoye-ɓoye: babu man kasuwa da zai sa gashi ya tsiro da sauri fiye da yadda jikinki ya iya. Kuɗin da kike zubawa a kwalaben nan, da wake da ƙuli-ƙuli kika saya da su, da gashin ya fi amfana.

Ga dalili. Gashin da kike gani a waje ba shi da rai, shi ya sa aski ba ya zafi. Abin da ke da rai shi ne saiwarsa da ke cikin fatar kai, kuma jini ne ke ciyar da ita. Kowane wata gashi yana ƙaruwa da kamar santimita 1, bai ma kai faɗin ƙaramin yatsanki ba. A shekara, kamar rabin taƙi ke nan. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000. Kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana girma, sa'an nan ya huta, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin. Saboda haka in sili 50 ko 100 suka fita a rana, ba ciwo ba ne. In kin yi wata guda da kitso, ranar tsifa na kwana 30 ɗin nan za su fito gaba ɗaya. Kada ki tsorata.

To, in gashi yana ƙaruwa kowane wata, me ya hana naki tsawo? Yana karyewa ne a baki yayin da yake tsirowa a gindi. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kowace murɗa kuwa wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har bakin gashi, sai ya bushe, balle da hunturu. Aikinki ke nan: ki hana shi karyewa. Tsirowa kam, jiki ya san aikinsa.

Babban mai laifi shi ne kitso mai tsauri. Mun san abin da ake cewa: in kitso bai ja ba, ba zai daɗe ba, kuma ado sai da haƙuri. Ba mu yarda ba. In kin tashi daga gaban makitsiya kanki yana sara, girarki ta ɗage, da dare kin rasa ɓangaren da za ki kwanta a kai, to ana tumɓuke miki saiwa ne. In kuma ƙananan ƙuraje suka fito a gefen goshi ko a ƙeya, fatar ce ke kuka. Gashin doki yana ƙara nauyi a kan silin da dama ya gaji. Shuku ko kalaba iri ɗaya, ana ja ta gefe ɗaya shekara da shekaru, shi ne ke mayar da goshin mace baya. Ɗankwali ma, in kullum a layi ɗaya kike tamke shi, yana cin gashin wurin.

Ki ɗauki madubi ki fita haske, ki duba inda ya zube. In kina ganin ƙananan gashi masu laushi da ƴan ramuka a fatar, akwai sauran rai. Ki sassauta kitso daga yau, cikin wata 3 zuwa 6 za ki soma ganin bambanci. Amma in fatar ta yi sumul tana sheƙi kamar bayan ƙwarya, saiwar wurin ta mutu, ta zama tabo. Babu mai, babu garin magani, babu allurar da za ta tsirar da gashi a kan tabo. Magana ce mai ɗaci, amma gara ki ji ta daga gare mu da ki ƙarar da kuɗin akuyarki a banza. Abin da ya rage shi ne ki ceci gashin da ke kewaye da wurin.

Ki dubi ƴarki kuma. Yarinya mai shekara 4 an danne ta tsakanin cinyoyi tana ihu, ana cewa rakinta ya yi yawa. Ba raki ba ne, zafi take ji. Sanƙon da za ta yi kuka da shi ranar aurenta, yau ake shuka shi. Ki ce wa makitsiya ta saki hannu, ta bar ƙananan gashin goshi kada ta kama su. In ta ƙi, ki nemi wata.

Na biyu shi ne man miƙar da gashi, wanda ake ce wa rilaksa. Yawancinsa da soda ake yi, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ko ƴar'uwarta. Yana miƙar da gashi ne ta hanyar karya ƙarfinsa, kuma gashin da ya sha shi ba ya komawa yadda yake, sai dai sabo ya fito. Zafin da kike ji a kai ƙuna ce, ba alamar magani yana aiki ba. Mun fi so ki bar shi gaba ɗaya. In ba za ki bari ba, ki ba da tazarar wata 2 zuwa 3, a shafa wa sabon tsiro kaɗai, kada a shafa in akwai ƙurji ko rauni, kada kuma a yi kitso a ranar. Kan yara kuwa, ko kusa.

Wani lokaci laifin ba na hannu ba ne, daga cikin jiki yake. Mace ta haihu, bayan wata 2 zuwa 4 sai gashi ya dinga fita cike da mataji. Ba maita ba ce, ba kishiya ba ce. Lokacin ciki gashi yakan daina zuba, bayan haihuwa sai ya biya bashin, kuma yakan koma daidai kafin yaro ya shekara ko jim kaɗan bayan haka. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani, na cizon sauro ko na taifot: wata 2 ko 3 bayan an warke sai zubar ta soma, daga baya ta tsaya da kanta.

Wanda ba ya tsayawa da kansa shi ne na ƙarancin jini. Haihuwa kusa-kusa, jinin al'ada mai yawa, tsutsar ciki, da watannin da rumbu ya yi ƙasa, duk suna cinye jinin mace. Jiki kuwa in jini ya yi kaɗan, zuciya da ƙwaƙwalwa yake fara ba wa, gashi ya zo ƙarshe. In kina gajiya da wuri, kina haki a hanyar rijiya, cikin idonki da tafin hannunki sun yi fari, ki zo a auna jininki. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki, ki shanye su, kada ki ajiye a ƙasan tabarma. Ki ci wake, gyaɗa, zogale, rama, ƙwai, nono, kifi ko busasshe ne, fara in lokacinta ne, da hanta in an samu. Ki matsa lemun tsami a kwaɗo, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hanawa, ki bari sai awa ɗaya ko biyu bayan abinci. Maigida, in kai ake karanta wa wannan, ka sani tsokar da ka ci a tasha kai kaɗai, mai shayar da ɗanka ta fi ka bukatarta.

A kan yara akwai abu biyu da ba a jira. In gashin yaro ya yi ja-ja, ya yi laushi, yana fita da ɗan ja kaɗan, musamman in ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce, a kawo shi yau. In kuma wani wuri ya zagaye ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, gashin ya kakkarye, makero ne. Shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin saiwa. Sai an sha magani, kamar griseofulvin, sati 6 zuwa 8 ba fashi. Yana bin aska, mataji da hula, don haka kowane yaro da rezarsa. Kada a shafa baƙin man mota ko garin batir. Kada kuma a zuba kalanzir ko piya-piya don ƙwarƙwata, guba ce da ke ratsa fata, tana iya kashe yaro.

Abin da ke gyara gashi yana gidanki. Ki wanke kai kowane sati ɗaya ko biyu. Karkashi yana sa santsi, yana warware cukurkuɗa ba tare da fizga ba. Ki shafa man kaɗanya tun gashin yana da ɗan damshi, domin mai ba ya jiƙa gashi, ruwan da ke ciki yake tsarewa. Ki bari ya bushe kafin ki ɗaura kallabi. Ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga baki ki hau zuwa gindi. Bakin da ya tsattsage ki datse shi da almakashi, ba don gashi ya yi sauri ba, sai don kada tsagar ta ci gaba. Tsakanin kitso da kitso ki bar kai ya huta kwana biyu-uku. Garin cebe da ake kawowa daga Cadi ma haka yake aiki: matan can suna cuɗa shi da mai, su shafe jikin gashin, su kitse shi sako-sako su bar shi. Rashin karyewa ne ke ba su tsawon, kuma ba a fatar kai suke zuba shi ba.

Ki zo asibiti in gashi yana zuba fiye da wata 6, in wurin yana ƙaiƙayi, zafi ko fitar da mugunya, in sanƙo ya soma daga tsakiyar kai yana faɗi, ko in wuyanki ya kumbura. In gashin gira ne ke zuba, ga kuma tabo a jiki da ba ya jin taɓawa, kada ki ɓoye: yana iya zama kuturta, tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Ranar da za ki zo, ki tsefe kitson tun a gida don mu ga fatar sosai, ki kuma riƙo kwalaben duk abin da kike shafawa.