TAKARDAR NEMAN AIKI MA SHAIDA CE

  

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata, shagunan buga takardu na Funtuwa da Malumfashi kan cika maƙil da samarinmu. Haka abin yake tun da aka kafa masaƙar Funtuwa a 1978, haka kuma aka gani da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a 2024. Kowa na son a buga masa takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira CV. Abin takaici, yawanci ta wani ake ɗaukowa a sauya suna kawai, har ka iske mutum goma duk sha'awarsu ɗaya, wai karatu da tafiye-tafiye.

Ya 'yan'uwa Musulmi, wannan takarda shaida ce da mutum ke bayarwa a kan kansa, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Mun san yadda ake zuwa kotu a yi rantsuwa a zaftare shekaru huɗu ko biyar, don a samu tafiya bautar ƙasa da ba a tura wanda ya kammala bayan ya haura 30, ko don a jinkirta ritayar da ke zuwa a shekara 60. Wasu ma har malamai ne ke rakiyarsu. Ashe mun manta da 1999? A watan Yuli na shekarar Alhaji Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai, bayan ya amsa cewa digirin Jami'ar Toronto da ya yi iƙirari na jabu ne, shekarunsa kuma ƙari ya yi. Wannan kunyar duniya ke nan. Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma tsawata wa mai shi. Mu da muka tashi a ƙasar masara da auduga mun fi kowa sanin algus. Wanda ya sa dutse a buhun auduga da wanda ya sa a takardarsa, hukuncinsu bai bambanta ba, albashin kuma shubuha ce har ranar ritaya.

Sai dai akwai wata cuta da ta fi yawa a tsakaninmu, wato ɓoye gaskiya da sunan tawali'u. Yaro ya shekara shida yana riƙe wa mahaifinsa lissafin hatsi a kasuwar Dandume, ya karantar a Islamiyya, ya yi aikin agaji, amma wajen da aka ce ƙwarewa sai ya bar shi fayau, wai kada ya yi riya. Wannan rashin fahimta ne. A aya ta 55 cikin Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, ya ambaci amanarsa da iliminsa, domin ya san zai iya. Abu Zarri (RA) kuwa da ya nemi muƙami, an faɗa masa yana da rauni. Ma'aunin dai shi ne iyawa.

Saboda haka a rubuta abin da aka yi, da shekararsa da adadinsa: buhu nawa ya ratsa hannunka a kaka, ɗalibai nawa ka karantar, wa zai tabbatar. Suna ya zo daidai da na takardun makaranta, harafi da harafi. Shafi biyu sun wadatar. Kada a sa sunan mai tsaya wa mutum sai an nemi izininsa, shi ma ya sani shaida zai bayar, ba alfarma zai yi wa ɗan maƙwabci ba.

Muna kira ga kwamitocin masallatanmu na Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi da su ware dare ɗaya a wata, a samu ma'aikaci biyu ko uku daga cikin 'yan'uwa su zauna bayan sallar Isha'i, samari su kawo takardunsu a duba musu kyauta.