Daga ƙanƙarar Girinlan zuwa gaɓar Keta: abin da zanen Zaria Forman ke tuna mana

Kada sunan ya ruɗe ku, Zaria Forman ba 'yar Zazzau ba ce. Ba'amurkiya ce mai zane da alli mai launi, tana murza shi da yatsunta har sai ka rantse hoto ne aka ɗauka. A 2012 ta je Girinlan ta zana tsaunukan ƙanƙara da ke narkewa cikin teku. A 2013 kuma ta nufi Maldibs, ƙasar Musulmi mai tsibirai a tekun Indiya, inda yawancin ƙasar bai fi mita ɗaya da rabi a saman ruwa ba. Can ta zana igiyar ruwa tana cin gaɓa.

Hikimarta ita ce haɗa wuraren biyu: abin da ya narke a arewa, shi ke shiga ɗakin talaka a kudu. Masana sun ƙiyasta cewa teku ya ɗaga da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018.

To, mu a Ghana ba sai an zana mana ba. Duk wanda ya je Keta ya ga yadda teku ya cinye wani ɓangare na ganuwar Prinzenstein. A Nuwamban 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin Volta.

Amma gaskiya ɗaya ce: ba ƙanƙarar Turawa kaɗai ke da laifi ba. Madatsar Akosombo, da aka kammala a 1965, ta tare yashin da kogin Volta ke kaiwa gaɓa. Ga kuma masu kwasar yashi a bakin teku, duk da doka ta hana. Wannan yashin ne ake buga bulo da shi, kuma wani lokaci a zangonninmu yake ƙarewa.

Eh, ƙasashen da suka fi gurɓata iska su biya. Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, kuma alƙawarin kusan dala miliyan 700 da aka yi a Dubai a 2023 bai taka kara ya karya ba. Sai dai kafin kuɗin su iso, mai gini ya tambayi direban tifa inda ya ɗebo yashinsa. Ƙasa amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu.