A Karkatar Da Wani Kaso Na Tallafin Wuta Ga Gidan Da Ke Son Tattali

Tun daga ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, maganar kuɗin wuta ta shiga kowane zaure. An ɗan sassauta daga baya har ya tsaya a naira 209 da kwabo 50 a watan Yuli na shekarar, amma magidanci bai ji sauƙi ba. Kukan da ake yi ɗaya ne, wato gwamnati ta dawo da tallafi ko ta karya farashi. Ni kuwa ina ganin akwai ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba tukuna: a taimaki gida ya rage wutar da yake sha, ta hanyar yi masa rangwame idan ya sauya tsohon kayan lantarki da sabo mai tattali.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan batu. Alƙur'ani mai girma ya hana israfi a Suratul A'araf, ya kuma yi wa masu almubazzaranci kakkausan gargaɗi a Suratul Isra'i. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, kwatankwacin cikin tafin hannu biyu. Sai dai mun saba ɗaukar israfi a matsayin abin da ido ke gani, kamar zubar da tuwo ko barin famfo a buɗe. Akwai wanda ba a gani. Tsohon firij da ke gurnani dare da rana a lungun ɗakin girki yana cin dukiyar gida shiru, mai gidan kuma yana iya zama mutumin da ba ya barin ko loma a kwano.

Bari mu yi lissafi. Ƙwan lantarki na da mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Idan aka kunna shi awa 6 a rana, bambancin ya kai yunit 9 a wata. Gida mai ƙwai 10 ya tsira da kimanin yunit 90 ke nan, wato sama da naira 18,000 a wata a farashin Band A. Fankar sama ta gargajiya tana jan kimanin wat 75, alhali akwai sababbi da ba sa wuce wat 30. Firij kuwa shi ne uban tafiya, domin ba a kashe shi.

To, me ya sa kowa bai sauya ba? Saboda kuɗin sauyawar a dunƙule ake biyansa yau, ribarsa kuwa a hankali take zuwa. Mai hali yana sayen sabon firij ya huta. Talaka yana sayen na hannu saboda araha, sai ya yi shekaru yana biyan kuɗin wutar da ya ninka kuɗin firij ɗin. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wannan ramin ne tsarin rangwame ya zo ya cike.

A Amurka ne wannan tsari ya fi yin jijiya. A jihohi da dama, kamfanin da ke sayar maka da wuta shi ne zai mayar maka da wani ɓangare na kuɗinka idan ka sayi firij ko na'urar sanyaya ɗaki mai ɗauke da tambarin Energy Star, wanda hukumar kare muhallin ƙasar ta fito da shi a 1992, ko idan ka toshe kafofin da zafi da sanyi ke shiga gidanka. Mai karatu zai yi mamaki: ina aka taɓa ganin ɗan kasuwa yana biyan mutane don su rage sayen hajarsa? Dalili shi ne, rage buƙatar megawat ɗaya ya fi gina tashar da za ta samar da shi araha nesa ba kusa ba, musamman a lokacin da kowa ya kunna kayansa gaba ɗaya. Jihar Kalifoniya ma tun 1982 ta raba kuɗin shigar kamfanonin wuta da yawan yunit ɗin da suka sayar, don kada su ji ciwon tattalin jama'a. A Agustan 2022, dokar da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu ta ware dala biliyan 8.8 don irin wannan rangwame na gidaje.

Wani zai ce Amurka ce, ina mu ina su. To, mu dubi Ghana. A 2007, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, ƙasar ta faɗa ƙarancin wuta. Gwamnati ta raba ƙwayaye masu tattali miliyan 6 kyauta, tana karɓar tsofaffin, aka kuma ƙiyasta cewa hakan ya sauke kimanin megawat 124 daga nauyin da ke kan layi, ba tare da an aza tubali ɗaya na sabuwar tasha ba. A 2012 Hukumar Makamashin ƙasar, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe shirin musayar firij: ka kawo tsohonka mai aiki, a rage maka kuɗin sabo mai taurari, yawan taurarin kuma shi ke nuna tattalinsa. A farkon 2013 aka fara aiwatar da haramcin shigo da firij na hannu. Tsohon firij a can yana shan kimanin yunit 1,200 a shekara, sabon kuwa bai kai 500 ba. Da a gidan Band A ne a Kano ko Kaduna, wannan bambanci na yunit 700 ya haura naira 140,000 kowace shekara.

Indiya ta bi wata hanyar. Daga 2015, ƙarƙashin shirin UJALA, wani kamfanin gwamnati ya riƙa sayen ƙwayayen LED da yawan gaske a lokaci guda, farashin ya faɗi warwas, aka sayar wa gidaje ƙwayaye fiye da miliyan 360 a kan kuɗi kaɗan, wasu ma ana cire kuɗin sannu a hankali daga takardar wutarsu.

Mu dawo gida. Wutar da babban layin Najeriya ke rabawa ga mutum sama da miliyan 200 galibi tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. A irin wannan hali, duk yunit ɗin da gida ɗaya ya tsimi, wani gida ne zai samu, ko mai walda, ko asibitin unguwa. Kamfanin raba wuta bai yi asara ba, tunda masu jira sun fi wutar yawa, taransifoma kuma ta samu sauƙin lodi. A 2024 kawai, tallafin da gwamnatin tarayya ta ɗauka a kan farashin wuta ya kusa naira tiriliyan 2. Tallafin farashi yana bin yawan sha ne: mai na'urar sanyaya ɗaki uku ya fi mai ƙwai biyu da fanka ɗaya morewa, kuma baɗi ma sai an sake biya. Rangwamen firij ko fanka sau ɗaya ake bayarwa, amfaninsa ya yi shekara goma. Ba na cewa a janye tallafin farashi daga talaka. Ina cewa a yanki wani kaso, ko yaya yake, a zuba a nan. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamnan da ya so yana iya farawa ba tare da jiran Abuja ba.

Akwai masu shakka, kuma shakkarsu tana kan hanya. Na farko, tsarin yana iya ƙarewa a hannun masu hali. Haka ya faru da rangwamen haraji a Amurka, domin galibi wanda ya mallaki gida, yake da kuɗin biya tun farko, kuma haraji ke hawa kansa ne ya ci gajiyarsa. Maganin wannan shi ne a rage kuɗin nan take a shagon saye, a fifita masu ƙaramin ƙarfi, a kuma tuna da 'yan haya, waɗanda fanka da firij nasu ne ko da ginin ba nasu ba ne. Na biyu, karkatarwa. Mun ga yadda taki da kayan agaji ke ɓacewa a hanya. Shi ya sa dole a ɗaure kowane rangwame da lambar mita, a kuma karɓi tsohon kayan a lalata shi, kamar yadda Ghana ta yi, don kada ya koma kasuwa ko ya zama firij na biyu a gidan. Na uku, kuma mafi girma, shi ne mitar kanta. Kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta a Najeriya kuɗin ƙiyasi ake kawo musu. Wanda za a caje shi abu ɗaya ko ya kashe ko ya kunna, da wane baki za ka ce masa ya yi tattali? Mita ce harsashin ginin gaba ɗaya.

Ta fuskar shari'a, rangwamen kansa ba shi da matsala: ko dai ragi ne daga mai sayarwa, ko kyauta daga hukuma, duka biyun halal ne. Inda ake buƙatar lura shi ne ragowar kuɗin. A ƙasashe da dama bashi mai kuɗin ruwa ake haɗa shirin da shi, wannan kuwa zai kori gidajen Musulmi masu kiyaye addininsu, kuma da gaskiyarsu. Mafita tana nan a fili. Jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, ko da farashin ya ɗara na kuɗi hannu, matuƙar an yanke shi tun farko kuma ba ya ƙaruwa saboda jinkiri. Bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, sun san aikin murabaha. Ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata da asusun waƙafi suna iya ba da rance marar ƙari, a riƙa biya daga abin da aka tsima kowane wata. Duk wanda zai tsara irin wannan shiri a Arewa, ya zauna da malaman fiƙihu tun kafin ya buga takardar farko.

Mu ma jama'a akwai namu. Wanda ya karɓi ƙwai na rangwame ya kai kasuwa, ko ya yi ƙarya a takardar nema, ya ci amanar al'umma. Wanda ya zagaye mita ya ci haƙƙin da za a tambaye shi, kuma tsadar wuta ba ta mayar da shi halal. Kafin kowace hukuma ta motsa, maigida yana iya farawa yau: ya sauya ƙwan da aka fi kunnawa, ya duba robar ƙofar firij, ya nemi sanin wat nawa abu ke ja kafin ya tambayi kuɗinsa. Ɗalibanmu da ke karanta kimiyya su zauna da iyayensu su yi wa gida wannan lissafi, ilimi mai amfani ke nan. Malamanmu kuma, idan sun zo babin israfi, su ambaci mita kamar yadda suke ambaton buta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon tattalin ni'imominSa.