DUNIYA DUKA GIDA CE, AMMA INA TAKARDA?

A 'yan shekarun nan ana yawan jin samari da 'yan mata da suka tashi tsakanin al'adu biyu ko uku suna cewa su ba 'yan ƙasa guda ba ne, duniya duka ƙasarsu ce. A bakin Bature wannan magana abin alfahari ce. A bakin Bahaushe kuwa, in aka ce wane ɗan duniya ne, to, ba yabonsa aka yi ba. Duk da haka, abin da yaran nan ke nufi ba baƙo ba ne ga Hausawa.

Tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja Hausawa suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma, Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya nausa gabas da jama'arsa, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu cikin Sudan. Jikokin waɗannan mutane sun tashi da Hausa a gida, harshen Ashanti ko Larabci a kasuwa. Ba shakka wannan dukiya ce, domin mai harshe biyu ba ya ɓata a hanya.

Amma tarihi ya nuna cewa ranar da hankali ya tashi, ba a tambayar mutum harsuna nawa yake ji, takarda ake tambaya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice, aka kwaso har da waɗanda can aka yanke musu cibiya, ba su san hanyar garin kakanninsu ba. A watan Janairu na 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi fiye da miliyan 1, da yawansu 'yan Gana. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, fasfo aka nema a bakin iyaka, ba tarihin zuriya ba.

Dokar ƙasa ba ta rufe wa yaran nan ƙofa ba. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa wanda aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma ba a tilasta masa ya zubar da ɗaya ƙasar ba. Matsalar ita ce shaida. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba yakan zama baƙo can, baƙo nan, musamman in ya zo neman takardar asalin ƙaramar hukuma don shiga jami'a ko kama aikin gwamnati.

Saboda haka wajibi ne iyaye mazauna waje su kai sunayen 'ya'yansu ofishin jakadanci tun suna goye, su kuma koya musu harshen gida. Ya kamata ofisoshin jakadanci su riƙa bin zango-zango suna yin rajista, maimakon jiran talaka ya zo babban birni. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma su daina wulaƙanta yaro don Hausarsa ta gauraya da wani harshe.

Kowa ya so ya kira duniya gidansa, ba laifi. Amma tsuntsu kome nisan tashinsa, sai da reshen da zai sauka.